Inji Na Aiki Amma Babu Wuta: Yadda Ake Dawo Wa Janareta Da Maganaɗisunsa

Tun da na ba da labarin janaretan wani tela a Fagge saƙonni ba su daina shigowa ba, kuma kusan duk tambayar ɗaya ce: inji ya tashi lafiya, ƙararsa garau, amma ko kwan fitila ɗaya ya ƙi kamawa, yaya za a yi? Wasu har an riga an ce musu koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ba ta juyawa wadda wuta ke fitowa daga cikinta, ya ƙone, su kawo kuɗin naɗi. To ga amsar a wuri guda, don bakina ya gaji da maimaitawa.

Abu ɗaya kawai nake so ka riƙe kafin mu ɗauki sukudireba. Janareta ba ya fara ba da wuta daga babu. A jikin ƙarfen amecha, wato ɓangaren da ke juyawa a tsakiya, akwai ɗan ragowar maganaɗisu da ya kwana daga aikin jiya. Da inji ya juya, ragowar nan sai ta haifar da 'yar wuta, a mayar da ita cikin amecha, maganaɗisu ya ƙaru, wuta ta ƙaru, a haka har ta kai volt 220 zuwa 230 cikin daƙiƙa biyu ko uku. Kamar mai nono ce, sai ta zuba ɗan tsamin jiya a madarar yau kafin ta wayi gari da kindirmo. Ran da ta rasa tsamin, ba zubar da madarar take yi ba, wajen maƙwabciya take zuwa ta aro cokali guda. Aikin da za mu yi ke nan.

Kayan da za ka tanada

Mitar gwajin wuta, mai auna volt da om, wato ma'aunin yadda waya ke tare wuta. Ba tare da ita ba lalube za ka yi ta yi a duhu, kuma ƙaramar ma ta isa, irin wadda ake samu a shagunan kayan wuta na France Road ko cikin kasuwar Sabon Gari. Sai batir mai volt 12, na babur ko na mota ko na jikin janaretan in mai makulli ne. Sai wayoyi biyu masu rufi mai kyau, kowacce ta kai kamu uku ko huɗu, da kwan sigina na mota guda ɗaya, da salatif, da samfefa mai laushi, da sukudireba da ƙaramar sifana ta buɗe murfin baya. In akwai dirila mai waya, irin wadda ake jonawa a soket, a ɗauko ta. Mai caji ba ta da amfani a nan.

1. Raba shi da gida tukuna

Zare wayar da ke shiga cenja-oba gaba ɗaya, kada ka tsaya a kashe makunni. Fito da injin tsakar gida ko bakin titi. Ba a yin wannan aikin a cikin shago ko zaure, domin hayaƙin janareta ba ya sallama, kuma iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da wari balle launi. Ƙasa ta zama busasshiya, ƙafarka da takalmin roba.

Gargaɗi tun daga nan: in janaretanka irin na zamanin nan ne mai inbata a ciki, wanda ke rufe kamar akwati kuma yake rage gudu da kansa in babu lodi, rufe wannan shafin. Shi maganaɗisunsa na dindindin ne, ba ya ɓacewa, kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa allon cikinsa zai ƙona maka.

2. Duba abubuwan kunya

Na kira su haka ne saboda kunyar da suke ba mutum bayan ya kwance inji ɗai-ɗai. Bireka a kunne take? Kashe ta ka sake kunnawa. Soket ɗin bai narke ta ciki ba? Agogon volt da ke fuskar injin ba shi ne ya mutu ba? Buɗe bayan fuskar ka ga ko wata waya ta zame saboda jijjiga, ko ɓera ya yi kwanan gida a ciki.

Sai gudun inji. Ƙananan janareta na fetur sai sun juya sau 3,000 a minti kafin su ba da wuta daidai, manyan na dizal kuma yawanci sau 1,500. In wani ya taɓa rage masa gudu don tsimin mai, ko kafireto ya toshe yana numfashi sama-sama, wutar ba za ta hau ba ko da maganaɗisu yana nan daram. Kunne yana gane wannan. Gyara gudun kafin ka ci gaba.

3. Auna abin da ke fitowa a soket

Wannan matakin mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne ke faɗa maka hanyar da za ka bi. Ta da inji, sa mita a kan AC, zura ta a soket, bireka a kunne.

In ka ga sifili ko abin da bai kai volt 1 ko 2 ba, to akwai kyakkyawan zaton maganaɗisu ne ya tafi, ko kuma wata waya ta yanke. In ka ga kamar volt 3 zuwa 10, tsamin yana nan, hanyar da zai bi ya koma cikin amecha ce ta toshe: buroshi, wato 'yan gawayin da ke kai wuta cikin amecha, ko AVR, na'urar da ke daidaita ƙarfin wuta, ko kafasita. A wannan halin ko ka kwana kana ba shi batir ba zai riƙe ba. In kuwa ka ga wuta mai ɗan yawa amma ba ta cika ba, kamar 100 ko 150, to ba maganar maganaɗisu ba ce sam. Nemi gudun inji, ko kafasitar da ta yi rauni, ko diyod da ya mutu, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai.

Ka kuma tambayi tarihin injin, domin yana taimakawa. Ya yi watanni a ajiye? Mai ya ƙare masa alhali firji da fanka suna kai? An saba kashe shi ba a cire lodi ba? An yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa har ya shaƙe, ko wayoyi sun haɗu? Ya sha jijjiga a bayan a-kori-kura daga wani gari? Yanzu aka dawo da shi daga naɗi? Kowanne daga cikin waɗannan yana iya share ragowar maganaɗisu.

4. Gane irin janaretan da ke gabanka

Kashe inji, cire hular fulogi don kada ya tashi da hannunka a ciki, sannan ka kwance murfin baya.

In ka ga wani abu baƙi mai siffar jinjirin wata ko ɗan akwati, da wayoyi biyu da suka tafi kan wasu 'yan gawayi biyu masu gogar zobban tagulla, to naka mai buroshi ne da AVR. Yawancin masu kVA 2.5 zuwa sama da ake gani a shaguna da gidaje irin wannan ne. In babu buroshi, sai wata kafasita kamar ta fanka amma ta fi ta girma, to mai kafasita ne, kamar ƙaramin nan mai cin fetur haɗe da baƙin mai da masu aski da masu cajin waya suka fi amfani da shi. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka taɓa komai. Za ka gode mini.

5. Buroshi da zobba

Ga mai buroshi, nan ne rabin matsalolin suke ƙarewa. Kwance kusa ɗaya da ke riƙe da gidan buroshin ka zaro shi. Danna kowane gawayi da yatsa: ya kamata ya shiga ya dawo da kansa. In ɗaya ya cinye ya gajarce, ko ya maƙale, ko ya tsage, canja su duka biyun. Ƙurar hunturun Kano in ta haɗu da tururin mai takan zama wani baƙin danƙo a kan zobban, ta hana wuta wucewa. Goge su da samfefa mai laushi kana juya injin a hankali da igiya, har tagullar ta yi haske, sannan ka share da busasshen tsumma.

Yanzu sa mita a kan om, ka ɗora tsinkenta ɗaya a kowane zobe. A irin waɗannan ƙananan injinan sau da yawa za ka ga wani abu tsakanin om 40 da 70, kodayake kowane samfuri da nasa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada mita ta nuna a yanke, kada kuma ta nuna kusan sifili. Sai ka auna tsakanin zobe da ƙarfen amecha: nan bai kamata a sami hanya ba ko kaɗan. In amecha ya yanke ko ya haɗu da jiki, tsaya a nan, aikin ya zama na mai naɗi.

6. Dabarar dirila

Ita ce mafi sauƙi, ba ta buƙatar kwance komai, shi ya sa nake fara gwada ta kafin batir.

Cire bakin huda daga dirilar, a bar kanta tsirara. Ta da janareta, bireka a kunne, babu wani abu a jone sai dirilar. Sa ta a kan juyin gaba, danne kunamarta ka riƙe, sannan da ɗaya hannun ka murza kan dirilar baya da sauri, kamar kana murza marfin kwalba, ka saki nan take. Motar cikin dirila in aka juya ta da hannu ita ma ƙaramar janareta ce, 'yar wutar da ta haifar sai ta bi waya ta shiga koyil ta ta da maganaɗisu. In bai kama ba a murzawa uku ko huɗu, gwada murzawa ta ɗaya gefen. Tsohuwar dirila mai kunna da kashe kawai ta fi aiki a nan, masu rage gudu a kunama wani lokaci sukan ƙi.

Gargaɗi: da zarar wuta ta dawo, dirilar za ta zabura da cikakken ƙarfinta a cikin hannunka. Kada ka damƙe kanta, da tafin hannu ake shafa ta a wuce. Kada ka sa safar hannu, kada ka naɗa mata igiya ko tsumma, kuma ka naɗe hannun rigarka. Mai babbar riga ya cire ta tukuna. Ni kaina na yi sati ina shafa man zafi a wuyan hannu saboda na raina wannan.

Da ita na ta da injin telan da na ambata. Saura kwana tara Sallah, ɗinki ya kai rufi, injin ya yi wata huɗu a ƙarƙashin tebur saboda ya sa sola, sai hadari ya haɗu kwana biyu batir ya ƙi cika. Ya ja igiya, inji ya tashi, babu wuta. Wani ya leƙa ya ce masa koyil ne. Na zo na auna, mita ta nuna ƙasa da volt 1. Na aiki yaronsa wajen kafintan da ke kusa ya aro dirila. Murzawa ta biyu sai ga ta ta yi kuka, da muka mayar da wayar shago kuma kwan ya kama. Telan ya tsaya da almakashi a hannu yana kallona.

"Injiniya, shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan, Malam. A mayar wa mai dirila kayansa."

"To nawa zan bayar?"

Na ce ya ɗinke mini aljihun da ya yage, mun rabu.

7. Ba shi wuta daga batir, ga mai AVR

In dirila ta gaza, sai batir. Wannan matakin yana da amfani biyu: yana mayar da maganaɗisu, kuma yana tona asirin wanda ya lalace tsakanin AVR da koyil. Bi shi a jere, kada ka sauya tsari.

Da farko, inji a kashe, duba wayoyi biyun da suka fito daga AVR zuwa buroshi. Ɗaya ta fosití ce, yawanci ja, kuma sau da yawa akwai alamar + a jikin gidan buroshin. Yi wa ƙafar da jar wayar ke kai alama da salatif. Sannan zare wayoyin biyu daga buroshi, ka naɗe bakinsu don kada su taɓa jiki.

Gargaɗi, kuma shi ne mafi tsada a duk wannan rubutun: kada ka taɓa ba da batir alhali AVR na jone da buroshi. Lokacin ina yaron gareji na yi wannan, ga shi kuma na juya wayoyin. Sai ƙauri kawai muka ji. Ogana bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ka ji wannan warin? Kuɗin abincinka na sati biyu ne." Haka kuwa aka yi. Banda ƙona AVR, in wuta ta taso tana iya komawa cikin batir da ƙarfin da ya fi nasa nesa ba kusa ba.

Na biyu, haɗa wayarka ɗaya daga negatif ɗin batir zuwa ƙafar buroshi ta negatif. Ɗayar kuma daga ƙafar da ka yi wa alama, ta ratsa ta cikin kwan siginar nan, ta nufi fositif ɗin batir, amma ka bar ta a tsinke a tsakiya, wuri mai nisa da tankin mai da kuma batir. A nan za ka riƙa haɗawa da rabawa, saboda duk sanda ka raba sai tartsatsi ya fita, kuma bayan janareta daidai ƙarƙashin tanki yake. Riƙe wayoyin ta wajen rufinsu, don amecha yana harbin hannu a lokacin rabawa.

Kwan nan ba ado ba ne. Amecha mai om 50 a kan volt 12 bai fi ya ja rubu'in amfiya ba, wanda bai isa ya kunna kwan sigina ba. Saboda haka in ka haɗa ka ga kwan ya haska sosai, akwai inda wayoyi suka haɗu a ciki, sai ka raba nan da nan. Shi ne fis ɗinka, shi ne kuma ɗan rahotonka.

Na uku, mayar da hular fulogi, ta da inji, mita na cikin soket, sannan ka haɗa tsinkakkiyar wayar na daƙiƙa uku zuwa biyar kana kallon mita. In amecha da koyil suna da lafiya, wuta za ta tashi zuwa volt gomomi, a wani injin ma ta haura 100. Ba za ta kai 230 ba, kuma ba a son ta kai, batir iri kawai yake bayarwa. In kana da mataimaki, ya sake haɗawa kai kuma ka auna ƙananan wayoyin da ke fitowa daga koyil suna ciyar da AVR a cikin fulog ɗinsa. Su ma ya kamata su nuna wutar AC.

Na huɗu, raba wayar, kashe inji, cire wayoyin batir gaba ɗaya, mayar da na AVR kowacce a ƙafarta, sannan ka sake tayarwa.

In ka ga 220 zuwa 230, magana ta ƙare, maganaɗisu ne dama. In da batir wuta ta tashi amma da ka mayar da AVR ta koma 'yan volt kaɗan, to AVR ɗin ne ya mutu, koyil ɗinka lafiya lau, kada kowa ya karɓi kuɗin naɗi a hannunka. In kuwa ko da batir ɗin mita ba ta motsa ba, alhali buroshi da amecha sun ci jarrabawa, to yanzu ne zargi ya hau kan koyil. Shinshina shi, ka duba ko wayar ta yi baƙi ko igiyar ɗaurinta ta ƙone.

Wani ɗalibin injiniya ya taɓa ce mini wannan ai dabarar bakin titi ce. Na ce masa ya je ya karanta yadda ake ta da injinan da aka ƙera a Jami'ar Texas da ke Austin a Amurka, waɗanda aka fara aikinsu tun ƙarshen shekarun 1970, kuma aka yi amfani da su wajen ba da wuta ga na'urorin harba abu da ƙarfin maganaɗisu. Janareta ne da ake juyawa sau dubbai a minti, ya tara ƙarfi a cikin juyin, sannan ya juye shi cikin ƙiftawar ido. Na baya-bayan cikinsu an cire musu ƙarfe daga ciki don su yi sauƙin nauyi, kuma inda babu ƙarfe babu inda ragowar maganaɗisu za ta kwana. Saboda haka kowane harbi sai an ba su iri daga wata ƙaramar kafasita, wutar da ta fito a miƙar da ita a mayar cikin koyil ɗin maganaɗisu, ta riƙa ninkuwa cikin ƙasa da daƙiƙa guda, ana cirar ƙarfin daga juyin injin kansa. Abin da kake yi sau ɗaya a shekara da batirin babur, su kullum sai sun yi shi. Dabarar janareta ya ciyar da maganaɗisunsa da wutar kansa kuwa ta girmi kakanninmu, tun wajen 1866 da 1867 Werner Siemens a Jamus da Charles Wheatstone a Ingila suka bayyana ta.

8. In mai kafasita ne

Kashe inji. Kafin ka taɓa kafasita, haɗa ƙafafunta biyu da sukudireba mai mariƙin roba, domin tana iya riƙe wuta bayan an kashe. Zare ta ka duba. In ta kumbura, ko ta tsage, ko tana zubar da mai, ta gama. In mitarka tana auna kafasita, kwatanta da lambar da ke rubuce a jikinta. Sabuwar da za ka saya lambar µF ɗinta ta zama daidai da tsohuwar, lambar volt kuma daidai ko sama. Masu sa babba don wai wuta ta ƙara ƙarfi, talabijin da cajar mutane suke ƙonawa, daga baya koyil ya bi.

In kafasita lafiya, gwada dirila tukuna. In ta ƙi, sai batir: mayar da kafasita wurinta, ta da inji, ka taɓa ƙafafunta biyu da wayoyin batir, kwan siginar nan yana tsakani, taɓawa ɗaya kamar ta daƙiƙa guda, ka janye. A nan ba ruwanka da wace ce fositif.

Gargaɗi: da wuta ta taso, ƙafafun kafasitar nan suna ɗaukar ɗaruruwan volt. Taɓawa ce, ba jonawa ba. Yi amfani da tsinkayen mita masu mariƙi a bakin wayoyin, yatsunka su yi nisa da ƙarfe. Wanda hannunsa ke rawa ya bar wa mai gyara wannan.

In har yanzu shiru, saura diyod ɗin da ke manne a jikin amecha. Sai an kwance an cire ƙafa ɗaya da goran dalma kafin a auna shi daidai: ya ba da hanya ta gefe ɗaya, ya hana ta ɗaya gefen.

9. Manyan injinan dizal

Ga masu gidan burodi da injin niƙa da ƙananan masana'antu a Sharaɗa ko Bompai, ƙa'idar ɗaya ce, amma wutar ta kai volt 400 zuwa 415, kuskure ɗaya ya isa. Wannan aikin mai wuta ne da ya san hannunsa. Inji a kashe, babbar bireka ma a kashe, a cire wayoyi biyu masu alamar F1 da F2 daga AVR, a wasu X da XX ne. F1 ko X ita ce fositif. A auna su, a injina da yawa wajen om 20 ake gani. A ba su volt 12 na 'yan daƙiƙu, a cire, a mayar, a tayar. Yawancin waɗannan AVR ɗin volt 4 zuwa 5 kawai suke nema su fara hawa. In bai hau ba, a duba diyod shida da ke kan faifan da ke juyawa. Injin da ke da ƙaramin janaretan maganaɗisun dindindin a bayansa ba ya buƙatar wannan kwata-kwata, matsalarsa a wani wuri take. In kuma injin ya sha damina a waje, a gwada rufin koyil da mega, wato mitar gwajin rufin waya, kafin a tayar, bayan an cire AVR daga layi.

10. Abin da ba a yi

Akwai masu jona janareta da wutar layi ta soket, wai su ba shi caji. Na san ana yi, na kuma ga inda aka yi ya kama. Na ga kuma inda koyil ya tashi da hayaƙi, na ga fulogi mai kai biyu a yashe a ƙasa da ƙafafunsa a waje ɗauke da wuta, yara na wasa a gefe. Batir da dirila sun wadatar.

11. Gwaji da lodi

Wuta ta dawo, kada ka yi saurin mayar da shi gida. Bar shi minti biyu babu komai, mita ta tsaya tsakanin 220 da 240, in tana auna Hz kuma ta nuna 50 zuwa 52. Sannan jona masa dutsen guga ko 'yan kwayaye, ya yi minti goma sha biyar zuwa ashirin yana aiki. Lodin nan shi ke zaunar da maganaɗisu a jikin ƙarfe. Cire lodi, kashe, jira minti biyar, sake tayarwa. In ya kawo wuta da kansa, ka gama. In kullum sai an ba shi iri kafin ya kawo, kada ka mayar da dirila makullin injinka. Akwai abin da ke cinye tsamin: buroshi mai kwance, AVR mai shirin mutuwa, ko amecha da ya fara haɗuwa ta ciki in ya yi zafi.

Batun kuɗi

Farashi a kasuwa ba ya kwana inda ya yini, don haka da tankin mai zan auna maka. Dawo da maganaɗisu kansa ba ya cin ko sisi in ka yi da kanka, in mai gyara ne kuma ladan hannunsa kawai. Buroshi shi ne mafi araha, kuɗin 'yan litoci kaɗan. Kafasita tana kusa da shi. AVR ya fi su, amma na ƙananan injina yawanci bai kai kuɗin cika tanki ba. Naɗin koyil shi ne babban, ya ninka waɗannan sau da yawa, kuma in aka yi maka da wayar alminiyam mai fentin tagulla, ba za a daɗe ba ka sake dawowa. Ka ce a kankare bakin wayar a gabanka: in cikinta fari ne, ba tagulla ba ce.

Wajen sayen AVR, tafi da tsohon a hannu. Suna kama da juna a ido, amma yawan wayoyi da siffar fulogi da girman injin da aka yi su dominsa sun bambanta. Ka kuma yi sharaɗi da mai shago cewa in bai yi ba za ka dawo da shi a canja.

12. Don kada ya sake

Kullum kashe bireka ko ka cire lodi kafin ka kashe inji, ka bar shi ya yi minti ɗaya yana hutawa. Kada ka bari mai ya ƙare masa da kaya a kai. In ka ji ya fara tari, ruga ka sauke bireka kafin ya mutu. Wanda ya koma sola ya ajiye janareta don ranar hadari, ya riƙa fito da shi sau ɗaya a wata, ya jona masa dutsen guga na minti ashirin.

In kuma duk matakan nan sun kai ka ga mai naɗi, rubuta lambobi uku a takarda ka tafi da su: volt ɗin da ka gani a soket tun farko, om ɗin da amecha ya nuna, da volt ɗin da ya fito lokacin da ka ba shi batir. Miƙa masa takardar kafin ya ɗauki sifana, ka ce ya nuna maka da mitarsa wane ɓangaren ne ya ƙone, amecha ko koyil, don ba tare ake naɗa su ba kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne.